Tafki ko Fadama: Yadda Wata Makarantar Kwana a Kano Ta Fita daga Matsalar Ruwan Ƙazanta

## Wurin da asalin matsalar

Makarantar da wannan nazari ya shafa ta 'yan mata ce ta kwana, tana gefen birnin Kano ta arewa maso gabas, a yankin da duk ruwan da ya gangara ƙarshensa Kogin Jakara ne. Lokacin da aka gina ta gonaki ne suka kewaye ta, amma kafin shekarar 2016 gari ya cim mata, har gidaje sun jingina da katangarta ta kudu da ta yamma. Ɗalibai 750 ke kwana a ciki, ga malamai da iyalansu da masu girki waɗanda suka kai mutum 150. Ruwan sha da na amfani daga rijiyoyin burtsatse biyu yake zuwa, kuma da aka auna daga baya an samu kusan lita 45,000 na gurɓataccen ruwa ke fita kowace rana daga banɗakuna da wuraren wanka da wanki da madafa.

Kamar yawancin gine-ginen Kano, babu wani babban bututun gari da ke karɓar wannan ruwa. Kowane ɗakin kwana yana da tankin masai nasa, daga nan ruwan ya wuce sokawe, ana sa ran ƙasa ta shanye. Ƙasar wurin kuwa yashi ce daga sama, amma da an haƙa mita ɗaya da rabi sai a tarar da marmara mai tauri, wadda ruwa ba ya ratsa ta sai a hankali. Da rani sokawe yakan ɗan sha, da damina kuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya cika shi tun kafin na makaranta ya iso.

An sa ni cikin kwamitin da ya duba lamarin a shekarar 2018. Abin da ya gabata kafin nan daga takardun ofis da bakin ma'aikatan da suka gani da idonsu na same shi.

## Agusta zuwa Disamba 2016: sokawe ya ƙi sha

A watan Agusta, wanda shi ne tsakiyar daminar Kano, sokawe huɗu daga cikin shida suka tumbatsa. Da ɗalibai suka dawo daga hutu a Satumba, dagwalo ya kwanta a bayan ɗakunan kwana biyu, har yara suka riƙa ɗora bulo suna takawa kafin su isa wurin shanya. Matakin farko shi ne kiran motar kwasar masai sau biyu a mako. Motar takan kwashe, bayan kwana uku ramin ya sake cika, domin rabin abin da take zuƙa ruwan ƙasa ne da ke tsattsafowa, ba na makaranta ba. Kafin zangon ya ƙare kuɗin mota ya fara taɓa kason abinci. An haƙa sabbin sokawe biyu a Nuwamba, suka yi aiki har rani ya wuce, sannan suka bi sahun na farko.

Wasu sun ba da shawarar a sake ruwan cikin kwatar unguwa kamar yadda kowa ke yi. Shugabar makarantar ta ƙi, kuma dalilinta abu ne da duk mazaunin Kano ya sani. Kwatar tana zuba ne a Jakara, wadda ke ɗauke da ruwan ƙazantar birni, rafin Getsi ya haɗe da ita da ruwan masana'antun Bompai, su tafi tare har madatsar Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. A bakin wannan kogi masu lambu ke ban-ruwan latas da kabeji da alayyahu, waɗanda ake kaiwa kasuwanni irin su 'Yankaba, inda makarantar kanta ke sayen kayan miya.

## Janairu 2017 zuwa Mayu 2018: rami guda ɗaya

A Janairun 2017 aka ba wani ɗan kwangila aikin haƙa abin da aka kira tafkin tace ruwa, a kusurwar kudu, kusa da katanga. Ya haƙa rami mai tsawon mita 20 da faɗin mita 20 da zurfin mita 3, ba a daɓe shi da komai ba, kuma bututun shiga da na fita duk a gefe ɗaya suke, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai mita 4 ba. Hujjar da aka kafa a lokacin ita ce Kano ta saba zama da kududdufi tun zamanin da ake haƙar ƙasa ana gina gidaje da ganuwa, don haka ƙarin ɗaya ba zai zama wani abu ba.

Makonnin farko an huta da motar kwasa. Amma ruwan bai taɓa yin kore ba. Ya fara da toka-toka, ya koma baƙi, a wasu ranaku kuma samansa ya yi ja-ja kamar an wanke nama, wanda alama ce ta cewa ƙazantar da ke shiga ta fi ƙarfin tafkin. Da bazara ta kama, zafi ya kai digiri 40, sai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya riƙa tashi bayan magariba yana tsallaka katanga. Da damina ciyawa ta rufe bakin ramin, ta zama mafakar sauro. Irin sauron da ke son ruwan ƙazanta ba lalle ne ya zama mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro ba, amma wanda ya kwana yana dukan jikinsa ba ruwansa da wannan bambanci.

A Afrilun 2018 wata rijiya da ke gidan maƙwabta, mita 25 daga ramin, ta canza ɗanɗano, mutanen gidan suka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Mai unguwa ya zo da kansa tare da duba-gari da dattawa uku. Shugabar makarantar ta saurare su har suka gama, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, laifin namu ne, a ba mu zuwa bayan damina." Daga wannan zama aka kafa kwamitin.

## Yuni zuwa Disamba 2018: awo da hanyoyi biyu

Abin da aka fara yi shi ne awo, wanda ba a taɓa yi ba tun farkon matsalar. An auna yawan ruwan da ke fita na tsawon mako biyu, aka samu lita 35,000 daga ɗakunan kwana, lita 10,000 daga gidajen malamai da madafa. An kai samfuri ɗakin gwaji don a san nauyin ƙazantar, wato ma'aunin da injiniyoyi ke kira BOD, wanda ke nuna yawan iskar oksijin da ƙwayoyin bakteriya za su buƙata kafin su cinye dattin da ke cikin lita ɗaya. Bayan ruwan ya fito daga tankunan masai, an samu kusan miligiram 350 a kowace lita. Ƙwayoyin cuta masu nuna alamar bayan gida kuwa sun kai miliyoyi a cikin mililita 100.

Da wannan lissafi aka gane abin da ya kashe ramin farko. Tafkin tace ruwa da rana yake aiki. Gansakuka, wato ƙananan tsirran nan da ke sa ruwa ya yi kore, ita ke samar da oksijin idan haske ya same ta, bakteriya su yi amfani da oksijin ɗin su cinye ƙazanta, su fitar da abin da gansakukar ke ci. Don haka faɗin da rana ke haskawa shi ne ƙarfin tafki, zurfi ba ya ƙara masa komai in ya wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Murabba'in mita 400 ya yi kaɗan ga ruwan mutum 900, ga shi kuma ruwan da ya shigo yakan bi gajeriyar hanya ya fita ta bututun da ke kusa ba tare da ya zaga ba.

Kwamitin ya tsaya kan hanyoyi biyu, dukansu ba sa buƙatar wutar lantarki ko inji, wanda a Kano wannan kaɗai ya isa ya fitar da sauran hanyoyin daga lissafi. Ta farko ita ce tafkuna a jere, kowanne da aikinsa. Cikakken tsari yakan fara da tafki mai zurfin mita 2 zuwa 5 inda taɓo ke kwanciya ya ruɓe ba tare da iska ba, sai na biyu mai faɗi inda gansakuka ke aiki, sai na ƙarshe marasa zurfi inda hasken rana da tsawon zama ke kashe ƙwayoyin cuta. Hanya ce da ta daɗe a ƙasashe masu zafi: birnin Nairobi na Kenya yana da manyan tafkuna irin waɗannan a Dandora, Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ma tana da nata. Ta biyu ita ce ginanniyar fadama, wato kwari marar zurfi da aka shimfiɗa wa roba mai kauri, aka cika da tsakuwa, aka dasa ciyawar fadama a kai, ruwan yana ratsawa ta ƙarƙashin tsakuwar ba tare da an gan shi ba. Asalin binciken wannan hanya a Jamus aka yi shi, inda wata masaniyar tsirrai mai suna Käthe Seidel ta fara gwaje-gwajenta a shekarun 1950. A Turai sukan ba kowane mutum kusan murabba'in mita 5, amma a ƙasa mai zafi bakteriya sun fi kuzari, ana iya rage wannan sosai.

An yi zama uku ba a daidaita ba. Masu son tafki suna duba araha, masu son fadama suna duba maƙwabta. Da aka ambaci cewa kachalla za a dasa, dattijon da ke kula da lambun makarantar, wanda mutumin ƙasar Haɗejiya ne, ya kasa yin shiru. Ya ce, "Injiniya, ciyawar da ta toshe mana hanyoyin ruwa, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki, ita za ku dasa da hannunku?" Maganarsa gaskiya ce, domin ɓarnar kachalla a fadamun Haɗejiya da Nguru ba ɓoyayyiya ba ce. An yi masa bayani cewa ƙarfin nan nata na shan ruwa da jure ƙazanta shi ake nema, kuma roba da bango za su tsare ta. Ya amince bisa sharaɗin za a riƙa yanke ta kafin ta yi fure iri ya tashi.

A ƙarshe shimfiɗar filin ce ta raba gardamar. Ɗakunan kwana suna gangara zuwa arewa, inda akwai fili mai nisan mita 150 daga gida mafi kusa. Gidajen malamai da madafa suna gangara zuwa kudu, inda babu sarari sai ɗan tsiri a jikin katanga. Aka yanke cewa arewa ta samu tafkuna, kudu ta samu fadama. Ba don gwaji aka yi haka ba, amma ya ba da damar ganin hanyoyin biyu a wuri ɗaya, cikin yanayi ɗaya.

## Janairu zuwa Afrilu 2019: gini

A arewa ba a haƙa tafki mai zurfi ba, tunda tankunan masai suna yin wannan aiki a rufe, an dai yashe su aka gyara murafansu. An haƙa babban tafki mai mita 30 da mita 15, zurfin mita ɗaya da rabi, sai ƙanana biyu kowanne mita 15 da mita 15, zurfin mita ɗaya. Jimillar faɗin ruwan murabba'in mita 900 ne, kuma ruwan da ya shiga yau zai yi kusan kwana 32 kafin ya fita. An yi lissafin ne da sanyin Janairu, ba da zafin Afrilu ba, saboda a hunturu ne aikin tafki ya fi rauni. An daɓe ƙasan da yumɓu mai kaurin santimita 30, aka jera faifan siminti a daidai inda ruwa ke taɓa gaɓa don kada ciyawa ta kama, aka sa bututun shiga da na fita a kusurwoyi masu nisa da juna, aka kewaye da waya saboda yara da awaki.

A kudu aka cike tsohon ramin, aka gina fadama mai mita 20 da mita 15, tsakuwa mai kaurin santimita 60, da ɗan gangare na santimita ɗaya a kowace mita. Ruwan yana tsayawa santimita 5 zuwa 10 ƙasa da saman tsakuwar, yana yin kusan kwana 6 a ciki. Tsakuwa da roba kaɗai suka cinye fiye da rabin kuɗin wannan ɓangare, kuma in aka raba kuɗin kan kowane mutum, fadamar ta ninka tafkunan.

## Mayu 2019 zuwa Maris 2020: shekarar farko

An cika tafkunan da ruwan burtsatse kafin a saki na ƙazanta. Cikin mako uku babban tafkin ya yi kore shar, wari ya ɗauke, sai ɗan ƙarni da asuba in iska ta kwanta. Dattijon lambu ya koyi karanta launin ruwan fiye da mu masu takarda: in ya ga koren ya fara dusashewa ya san wani tanki ya cika yana turo taɓo.

Fadamar ta fara da kyau fiye da tafkunan. Kafin ƙarshen damina kachalla ta fi mutum tsawo, ruwan da ke fita ta ƙarshe garau yake kamar na famfo, ba wari ba sauro, har maƙwabtan kudu suka ɗauka an daina zuba ruwa a wurin. A Nuwamba sai ruwa ya bayyana a saman tsakuwa ta wajen mashiga, ya kwanta baƙi ƙirin, ya fara malala ta sama yana tsallake tsakuwar. Na je da shebur muka tona tare da dattijon. Mita biyu na farko sun dunƙule kamar an kwaɓa su da man ja, ga ƙwayoyin shinkafa da guntayen leda da ƙullin gashi, a ƙasa kuma wata laka mai santsi, wadda ƙurar da ta zo da tsakuwar ce tun daga wurin fasa dutse, ba a wanke ta ba kafin a zuba. Madafar da ke ciyar da mutum 900 ana wanke manyan tukwanenta sau uku a rana, kuma duk maiƙon a nan yake ƙarewa.

A hutun Disamba aka kwashe mita uku na farko, aka maye su da manyan duwatsu masu girman dunƙulen hannu, aka wanke tsakuwar da za ta koma. An gina akwatin tare maiƙo mai ɗaki biyu a bayan madafa, da ragar ƙarfe a gabansa, aka ɗora wa mai wanke-wanke ɗaya alhakin kwashe shi kowace Asabar. An kuma sa bututu mai huji-huji a faɗin mashigar gaba ɗaya don ruwan ya rarrabu.

## Maris zuwa Oktoba 2020: rufe makarantu

Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Maris 2020, ruwan da ke shiga tafkunan ya tsaya cak a daidai lokacin da rana ta fi ƙuna. A bazarar Kano tafki yakan rasa kusan milimita 9 na ruwa kowace rana. Kafin ƙarshen Mayu ƙananan tafkunan biyu sun rage ƙasa da santimita 30, yumɓun gefensu ya bushe ya tsattsage. Da ruwan sama ya sauka ciyawa ta fito daga ƙasan tafkin kanta, kwaɗi da sauro suka samu gida. Da aka koma karatu a Oktoba, tafki na biyu ya riƙa yoyo ta tsagogin, sai da aka zubar da shi aka sake daɓe gefensa.

Fadamar ta ci gaba da samun ruwan gidajen malamai, kusan lita 4,000 a rana, amma kachalla takan shanye shi duka kafin ya kai ƙarshe. Rabin ciyawar ta can baya ya bushe, kuma a Afrilu wutar da wani ya cinna wa shara a bayan katanga ta kama shi, ta ƙone bakin robar a tsawon mita 6. An yi faci, an rufe bakin robar da bulo, a wurin da ya ƙone kuma aka dasa jema, wadda ta fi jure fari kuma saiwarta ke nutsawa ƙasa sosai.

Daga nan aka kafa doka biyu: duk hutun da ya faɗo cikin rani za a riƙa ƙara wa tafkunan ruwan burtsatse don kada su sauka ƙasa da santimita 90, za a kuma yanke ciyawar fadama a kwashe ta a ƙarshen kaka.

## 2021 zuwa 2022: abin da awo ya nuna

An ɗauki samfuri sau huɗu a kowace shekara, a Janairu da Afrilu da Agusta da Nuwamba. A fadama nauyin ƙazanta ya sauka daga 350 zuwa tsakanin 25 da 35, ruwan kuma garau. A tafkuna ya sauka zuwa tsakanin 55 da 70, ruwan kore. Wanda ya tsaya a nan zai ce fadama ta yi nisa. Amma da aka tace gansakukar daga samfurin tafki aka sake aunawa, sai adadin ya koma kusan 25, wato yawancin abin da ma'aunin ke gani tsirrai ne masu rai, ba ƙazantar masai ba. Dokar Tarayyar Turai ta 1991 kan ruwan ƙazantar birane ma ta yarda a auna ruwan tafki bayan an tace shi, saboda wannan dalili.

A wajen ƙwayoyin cuta lamarin ya juya. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1989 don ban-ruwan kayan lambun da ake ci ɗanye ita ce kada ƙwayoyin da ke nuna alamar bayan gida su wuce 1,000 a mililita 100, kada kuma ƙwan tsutsar ciki ya wuce ɗaya a lita. Ruwan tafkunan ya cika wannan sharaɗi a samfuri bakwai cikin takwas, wanda ya gaza shi ne na wani Janairu mai hazo. Ruwan fadamar bai taɓa cika shi ba, yana tsakanin 50,000 da 100,000. Dalilin a fili yake. A tafki ruwa yana yin wata guda a rana, kuma da la'asar aikin gansakuka yakan mayar da shi mai kaifi irin na ruwan kanwa, wanda ƙwayoyin hanji ba sa jurewa. A fadama kwana 6 kawai yake yi, a cikin duhu da inuwa. Wata rana na tarar da ɗan wani malami yana wanke ƙwallonsa a bakin bututun fadamar saboda ya ga ruwan fari tas, alhali ba zai taɓa kusantar koren ruwan tafki ba, wanda ya fi shi tsabta nesa ba kusa ba. A makon aka yi wa wurin murfi.

Asarar ruwa ma ta bambanta. A Afrilu tafkunan suna rasa kusan lita 8,000 a rana, wato ƙasa kaɗan da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ke shiga, fadamar kuwa tana rasa kusan lita 4,500, wato dab da rabi.

## 2023: inda aka tsaya

An raba wa kowane ruwa aikin da ya dace da shi. Na fadama ana bi da shi ta bututun ƙarƙashin ƙasa zuwa gindin darbejiya da mangwaron da aka dasa a jikin katangar kudu, ba mai taɓa shi da hannu. Na tafkuna yana tafiya lambun makaranta, amma da yake gansakuka tana toshe bututun ban-ruwa, an gina ƙaramin gadon tsakuwa na murabba'in mita 100 da aka dasa wa jema a bayan tafki na ƙarshe, yana tace koren kafin ruwan ya wuce. A lambun ana noma kuɓewa da alayyahu da yakuwa da rama, duk abin da sai an dafa ake ci, kuma ana zuba ruwan a kwari tsakanin kunyoyi, ba a watsa shi kan ganye. An daina kiran motar kwasa sai sau ɗaya a shekara don yashe tankuna. Rijiyar maƙwabta ta dawo daidai tun daminar 2020, ko da yake an shawarce su su tsaya ga wanki da ita.

## Hukunci

A ganina, in fili ya samu kuma akwai tazara da gidaje, tafkuna ne suka fi dacewa da wuri irin Kano, musamman in ruwan lambu zai tafi. Rana ita ce abin da muke da shi a yalwace, kuma babu wata hanya marar inji da ta kai tafki kashe ƙwayoyin cuta. Sun fi araha, ba su da abin toshewa, kuma mutumin da bai yi boko ba yana iya gane lafiyarsu da ido. Fadama kuwa ita ce amsar wurin da gidaje suka matse, inda buɗaɗɗen ruwa zai jawo rigima da sauro da haɗarin faɗawar yaro. Ba ta rage fili ba kamar yadda wasunmu suka zata, domin a nan kowane mutum ya ci murabba'in mita 2 a fadama, a tafkuna kuma 1.2 na ruwa, kusan 2 in an haɗa da gaɓa da hanya. Abin da ta rage shi ne tazarar da ake buƙata tsakaninta da ƙofar mutane. Farashin wannan shi ne tsadar tsakuwa, da barazanar toshewa, da ruwa mai kyan gani wanda bai kamata a yarda da shi ba.

Ramin 2017 bai gaza don tafki ba ya aiki ba, ya gaza ne don an haƙa shi ba awo. Fadamar 2019 ba ta toshe don hanyar ba ta dace da mu ba, maiƙon madafa da tsakuwar da ba a wanke ba ne suka toshe ta, kuma akwatin da ya magance wannan bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na kuɗinta ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shekara biyu da ɗalibai da maƙwabta suka sha wari da sauro, alhali awon mako biyu ne kawai ya rage a yi tun 2016. Ina kuma ganin ba a ba aikin dattijon lambu matsayin da ya cancanta ba a kasafin makarantar, domin duk sakamakon da aka lissafa a sama ya rataya ne a kan mutum ɗaya da ke zagaya tafkunan kowace safiya da manjagara yana kwashe leda da ciyawa, kuma har yanzu ba a ɗauki wanda zai koya a hannunsa ba.

Akwai abu biyu da ke gaban kwamitin yanzu. Sandar da aka naɗe da farin ƙyalle aka nutsa a babban tafki ta nuna taɓo ya kai santimita 35 a wajen mashiga, kuma in ya kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin dole a yashe, ga shi ba a yi wani babban tafkin da zai karɓi ruwan a lokacin yasa ba. Sannan gonakin arewa, waɗanda suka ba da tazarar mita 150 da aka dogara da ita, an yanka su fuloti-fuloti, kuma harsashin gida na farko yana mita 40 ne daga wayar tafki na ƙarshe.